Wutsiyar Kalma a Cikin Akuya

Kawu ya zo daga Ruwan Godiya da niyyar tafiya da ni. "Wanga boko bai ƙara mashi komi," ya ce wa Baba. "Ba ni shi ya riƙe fartanya."

Baba malamin gona ne a Faskari. Yana da wata doguwar kalmar Turanci ta ilimin ƙididdiga da ya tsinta a bakin Baturen auduga, yana ji da ita kamar sabuwar riga. Da Kawu ya kishingiɗa a zaure, sai Baba ya ja ni bayan rumbu don ya koya mini kalmar in burge Kawu, ya datsa rake gida uku.

"Ba a haɗiye ta ɗungurungum," ya ce. "Ga kai, ga ciki, ga wutsiya. Wanda ka iya faɗi, ka sha."

Na ce "hetaro", na shanye kai. Da kyar na fitar da "sikadas", na shanye ciki. Sai akuyar Inna ta suri wutsiyar ta arce. Baba ya bi ta, rawani na warwarewa, hayaniyar ta tashi Kawu.

Ba sauran lokaci. Na ƙame a gabansa na ce, "Hetarosikadas."

Kawu ya daɗe yana kallona. "Duk wannan a bakin yaro? To, a bar shi."

Baba na haki ya raɗa mini, "Sauran na cikin akuya."

Daga baya na koyi wutsiyar kalmar, "tisiti", har na koyar da lissafi. Amma har yau in na zo kan wutsiyar, bakina tsayawa yake, yana jiran Baba ya dawo da rakena.