Agogon Cikin Hoto

Malami ya haɗa wata ɗaliba da wani ɗalibi nazarin littafin matar da aka liƙa wa alamar zunubi a ƙirji, mai wa'azin da ya yi mata ciki kuwa ya yi gum.

A lungun laburare ta tura masa wayarta. Hoton da ɗalibai ke yaɗawa ne, ita jingine da wani da aka yanke fuskarsa, sai agogonsa ake gani.

"Mai wa'azin ma ya sha azaba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Bari a gama jarrabawa, zan turo iyayena."

"A ɗaki ya sha tasa. Ita a kasuwa."

"To me kike so?"

"Gobe a gaban aji ka ce agogonka ne."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.