Miyar Sha'ir da Motar Ƙarshe

Saura minti biyar motar waya ta ƙarshe ta sauka daga dutsen, amma tsohon nan sai juya cokali yake cikin miyar sha'ir. Masu wasan zamiya a kan ƙanƙara duk sun watse daga gidan abincin. Ladina, sabuwar ma'aikaciya, ta cika ta yi fam. In motar ta tafi, a nan za ta kwana, ga 'yarta can ƙasa tana jira.

"Baba, mun tashi!" Ta fizge kwanon, ta zubar, ta kwasa a guje.

Ta tarar da motar a tsaye.

"Wa ake jira kuma?"

Kuku ya fito yana tsaki. "Direba. Wai wata ta zubar masa da miya, sai an dafa sabuwa. Awa biyu take ci."