Makullin Shagon Yaya

Wata biyar ke nan Yaya ba shi da shago, kuma duk dangi ba wanda ya sani sai ƙaninsa Auta.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da takalman ƙasar waje. Da gwamnati ta hana shigo da su, kaya suka yanke, ciniki ya mutu, shagon ya koma hannun wani. Amma Yaya bai daina fita ba. Kullum da safe zai goge takalminsa, ya zaro tsohon makullin shagon daga jikin ƙusa, ya kaɗa shi sau biyu, ya ce wa matarsa, "Sai na dawo." Daga nan sai rumfar wani abokinsa mai gyaran agogo, ya zauna a benci na baya yana cigiyar aiki ta waya har yamma.

A cikin mota ya faɗa wa Auta, idonsa na kan titi.

"Ka riƙe mini wannan. In ta ji, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Bari in miƙe tukuna, ni da bakina zan gaya mata."

"Haba Yaya, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji Auta.

Auta marubucin wasan kwaikwayo ne a gidan talabijin. Wasan da yake rubutawa a lokacin labarin wani Ministan Kasuwanci ne da ya sa hannu a dokar hana shigo da yadi don masaƙun gida su farfaɗo, alhali wansa da ya yi masa makaranta da shigo da yadin yake ci. Sai dai wasan ya fara sanyi.

"Malam Marubuci, taron ministoci da maganar kwastan wa zai zauna kallo?" in ji Darakta, yana buga takardun a tebur. "Ko matata barci take yi. Fitar da mu daga ofis, kai mu cikin gida."

Kwana uku Auta na gaban farar takarda. A na huɗu ya tuna da makullin. Ya ce a ransa, ai takalmi ya zama yadi, wa zai gane? Ya bar ƙusar, ya bar kaɗawa biyun, ya bar bencin mai agogo yadda suke a cikin wasan, domin a ganinsa su ne gishirin labarin.

Darakta ya karanta ya ɗago. "Kai kuwa ina ka samo wannan? Kamar da idonka ka gani."

Auta ya yi murmushi kawai.

Ranar Lahadi da yamma ake nuna wasan, kuma matar Yaya ba ta kallonsa ita kaɗai. Sai ta tara maƙwabta a falo, don a ga aikin ƙanin mijinta.

"Ƙaramin miji, zauna nan kusa," ta ce wa Auta. "In Ministan nan naka ya sake sa hannu a wata takarda yau, kunnenka zan ja."

Yaya na kan kujerarsa ta gefen taga, yana dariya tare da kowa.

Aka nuno wan Minista yana goge takalmi. Ya zaro makulli daga ƙusa, ya kaɗa sau biyu.

"To fa, ga maigidan nan a talabijin," in ji wata maƙwabciya. "Har kaɗawar ma tasa ce."

Falon ya ɗauki shewa. Sai aka bi mutumin da kyamara, ya wuce shagonsa da wani ke ciki, ya shiga rumfar mai agogo ya zauna a benci. Shewar ta fara raguwa. Can aka ji shi yana ce wa Minista, "In ta ji, ban san da wane ido zan kalle ta ba."

Matar Yaya ta dubi ƙusar da ke bakin ƙofa. Ta dubi mijinta.

"Baban yara," ta ce a hankali, "shi ya sa kayanka suka daina warin fata?"

Maƙwabta suka sunkuyar da kai, kowa na neman takalminsa da ido.

Yaya ya miƙe yana dafa kujera. Ya dubi ƙaninsa.

"Ka iya rubutu, Auta," ya ce.

Taku uku ya yi zuwa ɗaki ya yanke jiki ya faɗi.

Likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ma sai abin da Allah ya yi. A barandar asibiti matar Yaya ta tsaya gaban Auta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ni ka ja gefe ka faɗa wa, wallahi da na ci gaba da yi masa a dawo lafiya har ranar da zai gaya mini da kansa. Sai ka tara masa unguwa."

Wasan ya yi farin jini. A kashi na ƙarshe Minista ya durƙusa gaban wansa, wan ya ɗago shi suka rungume juna. Auta ne ya rubuta wannan ma.

A gida kuwa makullin na nan jikin ƙusa, ba mai taɓa shi. Duk Lahadi Auta na zuwa ya zauna a bakin gado, ya ce, "Yaya, ya jiki?" Sai Yaya ya tattara ƙarfin ɓarin da ya rage masa, ya juya fuska ga bango.

Mai karatu, sirrin da ɗan'uwa ya ba ka ajiya ce, ba kayan sana'a ba. Ko ka sauya masa riga, masu shi za su gane abinsu, kuma yabon duniya ba ya mayar da asirin da ka tona.