Wanzamin da Ya Ƙi Ƙaramin Mashin

Ga wani misali, ka riƙe shi da kyau. Akwai wani wanzami da ya gaji aska kaka da kakanni, ƙauyuka bakwai na kewayen garinsu duk shi ke yi musu askin suna da kaciya da ƙaho. Hannunsa kuwa ba a magana, yakan aske kan jinjiri ɗan kwana bakwai tas, yaron yana barci ko motsi bai yi ba. Yana da wani ƙaton mashin mai tsayi da nauyi, irin wanda sai an taka shi da ƙarfi yake tashi, kuma shekara ashirin da ɗoriya a kansa yake zaga ƙauyukan nan, zabirarsa rataye a kafaɗa. Wata rana da damina santsi ya kwashe shi a bakin rafi, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Wata huɗu yana kwance. Ranar da maɗori ya kwance masa ɗaurin, sai ya dube shi ya ce, "Ƙafar nan za ta ɗauke ka, amma ba za ta ɗauke ka kai da mashin ɗin nan ba."

Matarsa ta ba shi shawara ya sayar da babban ya sayi ƙarami, irin gajeren nan da ake tayarwa da danna maɓalli, wanda in ka tsaya ƙafafunka biyu suna ƙasa daram. Sai gogan naka ya yi tsalle ya dire, da baki dai, tunda ƙafa ba ta kai ba. Ya ce wannan ai mashin ɗin mata ne, shi da ya yi wa rabin mazan ƙasar nan kaciya ba za a gan shi a kansa ba. Ka ji mutumin da kullum yake gaya wa jama'a su daure wa aska, dama wanzami ba ya son jarfa. Maimakon ya ji magana sai ya shiga dabara. Maƙwabcinsa ke taka masa mashin ya tashi, shi kuma ya yi mako guda a filin bayan gari yana koya wa kansa tsayawa da ƙafar hagu, har ya tabbata ya iya.

Sunan farko da aka kira shi bayan jinyar, gidan wani manomi ne wanda shi kansa uban wanzamin ne ya yi masa askin suna. Da sassafe ya iso, an gama raɗa suna, ƙofar gida cike da mutane a kan tabarmi ana raba goro. Ana ta cewa ga shi nan ya warke, shi kuma yana jin daɗi har cikin ransa. Daidai zai tsaya sai ragon suna, da ake ja za a kai wurin yanka, ya fizge igiya ya gilma ta gabansa. Ya damƙe birki, mashin ya tsaya cak, ko gashin ragon bai taɓa ba. Amma jiki ba ya watsar da sabon shekara ashirin saboda darasin mako guda. Ƙafar dama ce ta sauka, ta kuwa lanƙwashe. Mashin ya kwanto a hankali kowa yana kallo, shi kuma ya kai hannun dama ya tare ƙasa. Sai aka ji ƙas, kamar an karya karan dawa.

Mai rabon goro ya sandare da ƙwarya a hannu, kafin can aka ɗauki salati. Shi kansa wanzamin bai ji zafi ba tukuna, ya dai zuba wa hannunsa ido, ya ga ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Zabira ta buɗe, asake sun warwatse a ƙasa. Ya yi nufin ɗaukar guda, yatsun suka ƙi motsi, a nan ne hankalinsa ya tashi. Ba gudu yake yi ba, ba rami, ba mota, a tsaye ya faɗi. Yana kwance ya hango kakar jinjirin, wadda ta fito zaure da yaron a hannu don a yi masa aski, ta juya da shi cikin gida. Wani wanzami aka aika aka kira daga wani gari.

Maɗorin nan dai aka koma wa. Hannu ya haɗe, amma babban yatsa ya kama rawa. Ya gwada aska a kan ƙaninsa, ya yanke shi wuri uku. Ba sai an gaya masa ba, ya san irin wannan hannu ba ya kusantar maɗigar jinjiri, don haka ya rataye zabirarsa a bango da kansa. Daga baya ya sayar da babban mashin ya sayi ƙaramin da ya raina. Ranar da ya fara ratsa kasuwa a kansa, yana ta jiran dariyar da ya daɗe yana tsoro. Babu wanda ya yi dariya, babu ma wanda ya waiga, sai wani mahauci da ya ɗaga masa hannu ya ce sannu da jiki. Mashin ɗin yana kai shi duk inda ya so, yana tsayawa lafiya lau, sai dai a ƙauyukan nan bakwai babu sauran gidan da ke jiran isowarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, kada garin neman gira a rasa ido.