Zango Kafin Banbury

Ƙarfe biyu na rana 'yar tsohon ta sake karkata jirgin ruwan da suka yi hayarsa zuwa gaɓa, ta dira da igiya ta ɗaure.

"A nan za mu kwana, Baba. Inji ya yi zafi."

Tsohon ya duba takardar da ya yi wata guda yana tsarawa: tafiyar awa shida kullum, zangon Laraba a garin Napton, Asabar da safe a mayar da jirgi Banbury. Ga shi yau Alhamis, ko Napton ba su kai ba.

"Jiya kin ce layin jirage a ƙofar madatsar ruwa, shekaranjiya ruwan sama. Dubi, agwagwa ma ta wuce mu!"

"To sauka ka bi ta mana."

Ta shige kicin ɗora shayi. Ya durƙusa da ƙyar ya ɗaga murfin injin. Shekara arba'in ya yi yana kanikanci. Da ya ɗora tafinsa, ɗumi kawai ya ji.

Har ya buɗe baki, sai ya hango ta ta taga. Buta na ta tafasa ba ta kula ba, idonta na kan akwatinsa da ta manna wa lambar ɗaki. Ranar Asabar ba gida zai koma ba, gidan kula da tsofaffi za ta kai shi.

Ya mayar da murfin a hankali.

"Da gaskiyarki," ya ɗaga murya. "Ya yi zafi sosai. Gobe ma kada mu matsa masa."