Mutum Arba'in na Injiniya

Amana ita ce babban jarin kowane sabon kamfani. Injiniya da ƙaninsa kuwa, ban da ita, suna da tebur biyu, kujera ɗaya, da fanka mai juyawa in ta ga dama.

Injiniya ne ya rubuta manhajar: famfonka ya fashe, ka danna a waya, ta turo maka mai gyara mafi kusa. Ƙaninsa, wanda har yau ake kira Auta duk da furfurar da ta fara leƙo masa, shi ke riƙe da kasuwa da surutu. Kowace safiya sukan yi taron minti goma a tsaye. Auta ya ce haka manyan kamfanoni ke yi. Injiniya bai yi musu ba, tunda kujerar ɗaya ce.

Rigimarsu guda ce tak. Auta na son a riƙa fitar da sabon abu duk mako biyu, mutane su taɓa, su yi ƙorafi, a gyara. Injiniya kuwa ya gano cewa in hannun mutum ya yi rawa ya danna koren maɓallin sau biyu, masu gyara biyu ne za su taso.

"Yaya, sai su gaisa a bakin ƙofa ɗaya ya koma. Mu sake ta haka."

"Da sunana a kai? Ba inda za ta."

Mako uku ana wannan ja-in-ja. Sai wata safiya Auta ya sauko, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara. Ya ce ya samo mutum arba'in masu haƙuri. Yaya ya gina tasa a tsanake, su riƙa gwadawa, ranar da ta cika a buɗe wa duniya. Idon Injiniya ya kawo ruwa, ya ɗora wa fanka laifin.

Wata bakwai ya yi yana aikin da ya fi so a rayuwa. Ya cire koren maɓallin, ya sa shuɗi. Mutanensa arba'in kuwa Allah ya yi musu kirki. Ba su taɓa kira ba, sai dai saƙon yabo, yawanci da rana, lokacin da Auta ya fita cin abinci. Injiniya yakan adana saƙonnin ya karanta masa in ya dawo, Auta na gyaɗa kai kamar mai jin sabon labari.

Abu ɗaya ke damunsa: wasu mutum biyu da Auta ya ce ya ba su hayar ɗakin baya na ofis. Wayoyinsu ba sa hutawa, su ma bakinsu ba ya rabo da "a yi haƙuri, ranka ya daɗe". Injiniya yakan tausaya musu. Ga abin da gaggawa ke jawo wa mutane.

Ranar da famfon kicin ɗinsa ya fashe, yana gida. Kafin ya nemo filaya, uwargida ta riga ta danna wani abu a wayarta. Ba a yi rabin awa ba aka yi sallama. Mutum biyu ne, kowa da jakarsa, suna hararar juna.

Injiniya ya karɓi wayar matarsa. Koren maɓalli. Sunansa a ƙasa, da manyan baƙaƙe.

"Ai taku ce," in ji ta. "Duk layinmu ita ake amfani da ita. Sai dai mutum ya kula da yatsansa."

Ya iske Auta a ofis, a kan kujerar.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai, Yaya. Mutum dubu tara. Na ɗakin baya ma'aikatanmu ne. Da na jira ka, da mun rufe."

Injiniya bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce Auta ya riƙe dubu tarensa. Shi zai tafi da mutanensa arba'in, waɗanda suka san abu mai kyau in sun gan shi, kuma yanzu zai sanar da su da bakinsa.

Ya buɗe jerin sunayen, ya kira na farko. Waya ta yi ƙara a aljihun dama na rigar Auta.

Ya katse, ya kira na biyu.

Aljihun hagu ne ya amsa.