Baduku da Akwatin Tarkace

Ka ce saƙonnin banza sun ishe ka, za ka toshe imel ɗinka ga duk wanda ba ka sani ba. To, kafin ka danna, tsaya ka ji misalin wani baduku.

Badukun nan gwani ne, in ya ɗinka jakar jar fata sai ka juya ta ka sake juyawa kana neman inda zare ya bi. Ya buɗe imel don masu saye na nesa su riƙa samunsa, amma tun daga ranar bai huta ba. Yau a ce masa ya ci mota a gasar da bai shiga ba. Gobe wata baiwar Allah daga ƙasar da bai san gabas ɗinta ba ta ce mijinta ya rasu, kuma duk faɗin duniya shi ta zaɓa ya gaji zinariyarta. Jibi a tallata masa maganin sanƙo, shi da wanzami ke ƙorafin yawan sumarsa. Waya ta yi ƙara yana tsakiyar ɗinki, ya ajiye basilla da rawar jiki, ya tarar da shirme. Ran da ƙarar ta sa ya soke yatsa, ya ce ya isa haka. Ya saita akwatinsa: duk wanda sunansa ba ya cikin mutanen da ya ajiye, saƙonsa ko sallama kar ya yi, a zarce da shi akwatin tarkace. Waya ta yi tsit. Ya riƙa yi wa abokan sana'a kuri a rumfa, shi fa ya yi maganin 'yan damfara, ko leƙa tarkacen ba ya yi.

Saƙo ɗaya tak yake jira. A kasuwar baje koli wata Hajiya, babbar 'yar kasuwa, ta ga aikinsa ta yaba. Za ta aurar da ɗanta, tana son ƙananan jakunkuna da za a raba wa 'yan biki, aikin da zai kai sunansa gidajen da ko ƙofarsu bai taɓa gani ba. Ta karɓi katinsa, wanda imel kaɗai ya buga a jiki don ya ga haka manyan kamfanoni ke yi, ta ba shi nata, ta ce zai ji daga gare su. Ya ajiye sunanta, ya ce wannan kam ƙofa a buɗe take gare ta. Abin da ya manta, kuma tun yana yaro a rumfar ubansa ya san shi, shi ne manya ba su zuwa da ƙafarsu, aike suke yi. Hajiya ta sa mai kula da shagonta ya rubuta. Sunan mutumin baƙo ne a akwatin baduku, sai aka yi tarkace da saƙonsa. Baduku ya duba da safe, ya duba da yamma, shiru. Kira kuwa ba zai yi ba, kar a ce ya ƙosa farashi ya faɗi. Daga ƙarshe ya ce alkawarin baje koli ne, da an tashi kasuwa shi ma ya tashi.

Ana nan kaka ta yi, ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa, ya same ta a masussuka tana sheƙar gero. Ta ɗaga ƙwarya ta zubo, tsaba ta sauka, iska ta kwashe ƙaiƙayi gefe. Da ta gama, maimakon ta huta, sai ta durƙusa ta tattaro ƙaiƙayin nan ta sake sheƙe shi. Ya ce, "Iya, me kuma kike nema a abin da iska ta riga ta fitar?" Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Iska ta san gero ne? Nauyi kawai ta sani. Riƙe min ƙwaryar nan, ɗan birni." Ya riƙe, ya ga tsaba na taruwa a gindin ƙwarya, har abin da zai yi kunun gida. Ya dire ƙwarya, ya zaro waya, ya buɗe akwatin tarkace a nan tsaye, ƙaiƙayi na shiga masa wuyan riga. Ga mai zinariya, mijinta ya sake rasuwa. Ga maganin sanƙo. Can a tsakaninsu ga mai kula da shagon Hajiya, ya rubuta, ya sake rubutawa, na ƙarshen yana cewa biki ya matso, in ba su ji komai ba, za su nemi wani. Ya buga lambar da ke ƙasan saƙon, ya manta da jan aji. Mutumin ya yi dariya ya ce ai sun ɗauka ya fi ƙarfin aikin ne, har sun ba wani baduku rabi, in yana son sauran ya zo gobe da samfuri. Baduku ya ce yana so, ya faɗa har da rantsuwa.

Rabin nan ya ɗinka, ya fito da kyau, an yaba. Ɗaya rabin kuwa, da ya bincika, ashe maƙwabcin rumfarsa aka bai wa, wanda ya fi kowa shan kurinsa. Kullum da safe maƙwabcin kan leƙo yana goge fata ya ce, "Maganin 'yan damfara, an tashi lafiya?" Shi kuma sai ya yi dariya, ya buɗe tarkacensa ya duba kafin ya share. Dama Hausawa sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.